Gautan Inna da Birgima Biyu

An yi wata Bushiya a ƙauyen Gindin Kanya, mai kunya ce ta ƙin ƙarawa. In aka ɗaga mata murya sai ta dunƙule, ta bar mai magana da ƙaya. Gidanta yana ƙarshen unguwa, da ɗan fili a bayan ɗaki wanda bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, a gindin wata tsohuwar katangar ƙasa.

Maƙwabcinta na dama Kurege ne. Shi kuwa duk abin da ya shiga hannunsa, to, sai dai a yi masa addu'a, don ba zai sake ganin rana ba. Maƙwabciyarta ta hagu Zabuwa ce, wadda bakinta ba ya hutawa. In tana gaisawa da wani a bakin rijiya, na cikin kasuwa ma sai ya amsa.

Dukiyar Bushiya a duniya guda ɗaya ce: wata 'yar gora mai ɗauke da irin gautan da mahaifiyarta ta bar mata. Fari ne sol, ɗacinsa kaɗan, in ka tauna sai wani zaƙi ya biyo baya. Duk yankin babu irinsa, kuma kowa ya san shi da gautan Inna. Amma tun rasuwar Inna abin yake ja da baya. Shekara ɗaya fari ya cinye, shekara ɗaya fara. Yanzu in aka girgiza gorar sai ka ji ƙaras-ƙaras a can ƙasa, kuma duk sanda Bushiya ta ji wannan ƙarar sai gabanta ya faɗi. Ta san in bana ya ƙi, gautan Inna ya bar duniya ke nan.

Wata rana da hantsi, bazara ta yi nisa, zafi ya ishi kowa, gajimare ya fara leƙowa daga gabas, Bushiya ta zazzage irin a faifai tana tsince tokar da aka adana shi da ita. Sai ga kan Kurege a saman danga.

"Yaya Bushiya, barka da hantsi! Kai, wannan ba gautan Inna ba ne? Allah ya ji ƙan Inna. Ai ni ɗanta ne, ta sha goya ni."

Inna dai ba ta taɓa goya shi ba, kuma ko da ta so, ina wurin goyo a bayan bushiya? Amma Inna ba ta taɓa hana kowa iri ba, don haka Bushiya ta ce, "Shigo ka ɗiba."

Ya shigo, ya sa hannu da niyyar ɗiban kaɗan, hannun ya ƙi jin magana. Da ya ɗago, abin da ya rage a faifan bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Bushiya dai ta ce, "Allah ya sa albarka."

Ta gyara ɗan fangali a inuwar katanga, wato wurin renon iri, ta zuba ruɓaɓɓen taki, ta yafa irin, ta rufe da ciyawa. Safe da yamma tana jigilar ruwa daga rijiya da 'yar ƙwaryarta. Ƙafafun bushiya kuwa kun san su. Kafin ta iso gida rabin ruwan ya zube a hanya, sai ta koma.

Ran kwana na biyar ta dawo daga rijiya ta tarar da Zabuwa zaune daram a tsakiyar fangalin, tana watsa ƙasa da fukafukai.

"Wayyo ƙawata, wannan wuri da sanyi yake! Wa kika gyara wa?"

"Iri ne a ciki," in ji Bushiya.

"Iri? To me ya hana ki faɗa? Ke komai sai ki yi gum! Ni na ga ƙasa mai laushi, na ce baiwar Allah nan ta tuna da ni. Laifinki ne, wallahi laifinki ne, amma na yafe miki."

Ta fita tana mita. Bushiya ta tattara ƙasar da hannu, ta sassaro ƙaya ta kewaye wurin, ta cire rai da samun komai.

Amma ran kwana na tara da sassafe, da ta ɗaga ciyawar, sai ga ƙananan kunnuwa kore shar, biyu-biyu, sun cika fangalin. Bushiya ta duba dama, ta duba hagu, ta ga babu mai kallo, ta taka 'yar rawa.

Daga nan fa aka shiga fama. Tsutsa ta zo, ta barbaɗa toka. Rana ta ƙwalle, ta yi rumfar kara. Wani ƙadangare ya mayar da wurin hanyarsa ta zuwa hira, sai da ta yi kwana uku tana tara ƙarfin halin yi masa magana. Can sai ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, na biyu ya biyo shi, tsirrai suka kai tsawon yatsa, suka fara ture juna. Lokacin dashe ya yi.

Inna tana da ƙa'idar da ba ta saɓawa. Tsakanin gauta da gauta sai an bar birgima biyu. Za ta dasa ɗaya, ta dunƙule, ta mirgina sau biyu, inda ta tsaya nan ne ramin na gaba. Haka Bushiya ta yi. Ta dasa, ta dunƙule, ta mirgina, ta haƙa. Ta dasa, ta dunƙule, ta mirgina, ta haƙa.

Kurege na kan danga, dariya har da riƙe ciki.

"Jama'a ku zo ku ga noman zamani! Yaya, noma kike yi ko wasan yara? Guda nawa kika samu da wannan tumurmusar?"

"Goma sha biyu," in ji ta.

"Goma sha biyu! Leƙo ki ga nawa."

Ta leƙa. Filin Kurege bai fi nata girma ba, amma ko ƙasa ba a gani. Tsiro kan tsiro, kore har bakin danga.

"Ɗari uku da bakwai," ya ce yana kaɗa wutsiya. "Kullum sai na ƙirga."

"Malam Kurege, da ka rage su. Inna ta ce gauta yana son iska ta ratsa shi."

"In rage? In cire abina da hannuna? Ashe baƙin ciki kike yi da ni! Ko ɗaya ba zan taɓa ba."

Bushiya ta koma gindin fangalinta. Fili ya cika, ga sauran tsirrai kusan arba'in ba su da wurin zuwa. Ta tsaya tana kallonsu, zuciyarta na ciwo, don kowane ɗaya ta shayar da shi da ƙafafunta. Sai muryar Zabuwa ta faso danga.

"Waɗannan fa? Zubarwa za ki yi? Ki zubar ina maƙwabciyarki? Haba ƙawata, ban san haka kike ba!"

"Ai ban ce zan zubar ba. Ki kwashe duka. Sai dai ki bar birgima biyu tsakaninsu, ki kuma dasa yau, kafin saiwar ta bushe."

"Ni na yi miki kama da mai birgima? Kawo nan!"

Ta kwashe su a sakaina ta yi gaba. Bushiya ta bi su da ido har ta sha kwana. A ranta ta yi musu sallama, don wanda ya san Zabuwa ba zai damƙa mata ko tsinke ya sa ran sake ganinsa ba.

Sati biyu gautan Bushiya yana abin kirki. Ganye ya faɗaɗa, kara ya yi kauri, kowane gindi ya baje a filinsa. Ta fara kwana da murmushi tana tashi da shi.

Rannan da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Iska ta fara, sannan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Bushiya tana ɗaki sai ta ji wata ƙara, rim! Ta fito a guje cikin ruwan. Tsohuwar katangar nan ta jiƙa ta faɗo, ta kwanta a kan lambun tun daga farko har ƙarshe.

Ta yi ta tono da farce har magariba. Abin da ta samu karyayyun kara ne da ganye a dame da laka. Ko gindi ɗaya bai tsira ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gorar ta girgiza, ko ƙaras ɗin ma babu. Ta zauna ta yi kuka, kuka irin na ranar da aka binne Inna.

Washegari ta wanke fuska, ta yi abin da ya fi mata komai wuya a duniya. Ta je ƙofar Kurege ta yi sallama da niyyar roƙo.

Ta same shi cikin fara'a. Gautansa na nan tsaye, don tsabar cunkoso ko wurin faɗuwa ba su samu ba. Yana zaune yana saƙa kwando na uku, manya-manya, na ɗibar amfanin da bai zo ba tukuna.

"Yaya, na ji abin da ya faru. Allah ya mayar da alheri. Kin ga amfanin yawa ko? Nawa ko gezau."

"Malam Kurege, guda uku nake roƙo. Uku kawai, in dasa, don kada irin Inna ya ɓace a gidanta."

Kurege ya ajiye kwando, ya dubi sama, ya dubi ƙasa.

"Uku? Ɗari uku da bakwai a cire uku, saura ɗari uku da huɗu. Kin ji yadda lissafin ya lalace? Ba ya ma daɗin faɗa."

"To ɗaya."

"Yau ɗaya, gobe wani ya ji ya zo. Ki yi haƙuri, in sun yi 'ya'ya zan ba ki ki ɗanɗana."

"Irin nan fa daga faifaina ka ɗiba."

"Kyauta kika ba ni ko aro? In kyauta ce, magana ta ƙare."

Bushiya ta ji ƙayoyinta suna miƙewa. Ta fito, ta kai bakin hanya, ta dunƙule a nan cikin taɓo.

Haka Zabuwa ta zo ta same ta, ta yi ta zagaya ta tana ƙwanƙwasa ƙasa da baki.

"Ke! Buɗe! Wa ya mutu? Na ce buɗe, ni ba na magana da ƙwallo!"

Da ƙyar Bushiya ta fito da hanci ta faɗa mata komai.

Zabuwa ta fara da Kurege. Ta juya wajen dangarsa ta wanke shi tas, tun daga kunne har wutsiya, sai da ya shige ɗaki ya ja ƙyaure. Sannan ta juyo.

"Ke kuma, kukan me kike yi? Gautan Inna ya ƙare? Wa ya gaya miki?"

"Na wurinki suna nan?" Bushiya ta tambaya.

"Na wurina? Ni ina na ga lokacin dashe? Ai ranar ko gida ban kai da su ba."

Bushiya ta fara komawa cikin ƙayarta.

"Tsaya mana in gama! Ina fita na haɗu da Baba Kunkuru, muka tsaya gaisawa, ya ce mene ne wannan, na ba shi biyar. Na biya gidan Gafiya in gaya mata abin da Agwagwa ta ce a kanta, na bar mata shida. Na je wurin Agwagwa in gaya mata amsar Gafiya, ita ma ta karɓi nata. Kwaɗo na bakin rafi, Zomo, har Hawainiya da ba ma shiri. Kafin la'asar sakaina ta koma wayam. Kuma kowa sai da na gaya masa zancen birgimar nan taki, don a yi dariya. Tashi ki share filinki, ki bar ni da sauran!"

Ai kuwa ranar Gindin Kanya ta ji murya. Zabuwa ta bi lungu-lungu tana shela: "Katanga ta faɗa wa gautan Inna! Duk wanda ya karɓa a hannuna na san shi, na san gidansa! A fito da shi!" Waɗanda suka sha toshe kunne saboda ita, ranar har leƙowa suke yi su ji da kyau.

Bushiya ta kwashe laka, Gafiya ta zo ta taya ta da tono. Da yamma aka yi yayyafi, irin wanda dashe yake so. Sai ga su nan tafe a jere. Zomo ne a gaba da gindi biyu a sakaina, kowane da ƙasarsa a jikin saiwa. Agwagwa na biye tana rangaji da nata, Gafiya ma ta ruga gida ta ɗauko nata. Kwaɗo ya kawo ɗaya wanda ya fi kowane girma, don a bakin rafi ya tashi. Hawainiya ta aiko da saƙo cewa tana hanya. Baba Kunkuru ya iso da uku a ɗaure a bayansa.

"'Yata," ya ce yana haki, "mu da ba mu iya birgima ba, da igiya muka auna. Mahaifiyarki ta ba ni gautan nan shekarar da na yi jinya. Ban manta ba."

Bushiya ta ƙirga. Goma sha biyar, ga fili na goma sha biyu. Hawaye na zuba, tana dariya. Sannan ta dasa na farko, ta dunƙule a gaban kowa ba tare da jin kunya ba, ta mirgina sau biyu. Duk wurin ya ɗauki shewa, Zabuwa na ƙirga mata da ƙarfi, "Ɗaya! Biyu! Haƙa!" Ukun da suka rage ta ce a kai wa Ɓera, da bai samu ba a rabon farko.

Dashen ya yi kwana uku yana langaɓewa, ran na huɗu ya ɗago kai. Hawainiya ma ta iso ran nan da nata guda ɗaya, aka yi mata godiya, aka dasa shi a tsohuwar tukunya.

Can gidan Kurege kuwa, abu ya fara canza launi. Tsirran suka yi ta miƙewa sama suna neman rana, sirara, ba ƙwari. Ganyen ƙasa ya yi rawaya ya zube. Damshi ya kwanta a tsakiyarsu ba iskar da za ta kore shi, gindi ya fara ruɓewa. Fure ya fito jefi-jefi, ya kaɗe tun bai ƙulla komai ba. Kurege ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, ya ƙara ƙirga.

Da ya leƙa ta danga ya ga na Bushiya sun yi 'ya'ya farare reto-reto, sai ya ce a ransa bari ya rage ko hamsin ne, ba tare da kowa ya sani ba. Ya kama ɗaya ya ja. Goma suka biyo shi, don saiwoyin sun riga sun sarƙe sun zama abu guda. Ya ja wani, rabin fangali ya ɗago. Ya tsaya riƙe da su, wutsiya a ƙasa. A ƙarshe abin da ya tsinka cikin ɗari uku da bakwai ɗin nan guda huɗu ne, ƙanana kamar ƙwallon magarya, ga ɗaci kamar maɗaci.

Ranar da Bushiya ta yi tsinkar farko, faifai ya cika, ƙwarya ta cika, aka rasa mazubi. Zabuwa ta ɗaga murya ta kan danga.

"Malam Kurege! Kwandunan nan naka uku, na ga ba abin da suke yi. Miƙo su!"

Ya kawo su da kansa, kai a sunkuye. Shi ya riƙe ana zubawa har suka cika. Bushiya ta zaɓi manya guda goma ta tura gabansa.

"Ka ce in naka sun yi za ka ba ni in ɗanɗana. To ga nawa, ka fara."

Kurege ya gatsa ɗaya. Ɗan ɗacin ya wuce, zaƙin ya biyo baya.

"Yaya," ya ce a hankali, "baɗi, in Allah ya kai mu, ko za ki shigo ki yi mini birgimar nan?"

"Zan yi," in ji Bushiya. "Amma abin da ya rage bayan birgima, Zabuwa za ka ba."

Kurege ya dubi Zabuwa, Zabuwa ta dube shi. Da ƙyar ya ce, "Na ji."

Da kaka ta zo, kowane gida da ya dasa ya bar gauta mafi kyau ya nuna ya yi ja a jikin uwarsa, aka fasa, aka wanke irin, aka shanya, aka kawo wa Bushiya kasonta. Ta gauraya da toka ta ɗura a gorar Inna, ta yi ta ɗurawa har marfin ya ƙi shiga sai da ta danna. Sannan ta kai ta kusa da kunne ta girgiza. Shiru. Ta sake girgizawa da ƙarfi, ba ta ji komai ba, don babu sauran wurin da iri zai motsa.

Darasin da ke cikin wannan labari, yara, shi ne: abin da ka ƙanƙame kai kaɗai yana iya shaƙewa a hannunka, kamar gautan Kurege, amma wanda ka raba wa maƙwabta yana nan a ajiye a gidajensu har ranar da katanga za ta faɗo maka. In kun yi shuka ku bar wa kowane tsiro wurin numfashi, abin da ya yi saura ku miƙa ta kan danga. Kuma kada ku raina maƙwabci don yawan surutunsa, wata rana muryarsa ce za ta tara muku jama'a.